Batirin Motar Yaya

Yaya, ka yi mini afuwa da zan ɗora maka karatun wannan dogon surutu, alhali na san aikin da ke kanka a can. Da akwai yadda zan yi, da ban dame ka ba. Ba wasiƙa na zauna na tsara ba. Abin da nake rubuta wa kaina ne tun da aka ɗauke wuta, don in na rubuta ƙirjina yakan ɗan yi sauƙi. Na so in kwafe in gyara, hannuna ya ƙi, sai ka karanta shi yadda yake. Maganar motarka ce da ka bar mini amana, da jarrabawar 'yarka Lauya. Tana nan da ranta. Wannan nake so ka fara sani.

Asabar, bayan La'asar

Har yanzu babu wuta. Tun ranar da aka ji ƙarar nan daga wajen tashar lantarki, hayaƙi ya tashi ya rufe rana, ba mu sake ganin ko ƙyallinta ba. Kowa da abin da yake faɗa. Ni ban gani da idona ba, don haka ba zan rubuta ba. An hana fita bayan Magariba. Gidajen mai a rufe, masu janareta sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Lauya ta wuni da kwamfutarta a cinya, fuskar abin baƙi ƙirin, tana danna madannin kamar mai tashin wanda ya suma. Littattafanta duk a ciki suke, jarrabawar ƙarshen ma a cikinta za a rubuta, ranar Alhamis ta makon jibi. Ta riga ta ɗage sau ɗaya, shekarar da babanta ya rasu, makarantar kuma ba ta ɗage wa mutum sau biyu.

Ta ce, "Umma, in abin nan bai kunnu ba ranar, shekarun nan duk sun tafi."

Na ce Allah ba zai nufa ba.

Lahadi, da hantsi

Bakanike na gidan da ke kallonmu ya shigo gaisuwa, ya ga fuskar Lauya, ya tambayi dalili. Da ya ji sai ya yi dariya.

"Hajiya, ai wuta na nan kwance a garejinku. Batirin motar nan zai tayar da kwamfuta ya caja waya, lafiya lau."

Na ce motar ba tawa ba ce, ta yayana ce, ajiya ya ba ni.

Nan Lauya ta gyara zama. Kai ka raɗa mata sunan nan tun tana ƙarama saboda gardama, kai za ka ji da ita.

"Umma, Kawu ya ce a riƙa tayar da ita duk mako kar batirin ya mutu. Ya ce ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To in an tayar, wutar da ta samu ina take zuwa? A banza take tafiya. Ni tsinta zan yi."

"Tayarwa ya ce. Bai ce a tsotsa ba."

Bakanike ya ce, "Lallai gidan nan lauya biyu ne."

Da ragowar cajin wayata na tura maka saƙo. Na san inda kake waya ba ta shiga sai ranar da kuka fito gari, amma na tura.

Litinin, da safe

Ba amsa.

Litinin, da yamma

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ajiye makullin motar a kan firji, na shiga ɗaki na ja ƙofa. Allah ya ga abin da na yi, ba sai na yi masa ado ba.

Talata, bayan Azahar

Ikon Allah. Bakanike ya kawo wani ɗan akwatin ƙarfe, bai fi burodi girma ba, infata sunansa. Ya ce shi ke mai da wutar batir irin ta gida. Na zaci zai buɗe bonet ya yi ta haɗa wayoyi, sai na ga ya zare wani abu a kusa da sandar giya ya soka wayar a ramin. Na tambaye shi ramin mene ne.

"Na kunna sigari ne, Hajiya."

Na ce a'uzu billahi, yayana bai taɓa sha ba.

Ya ce, "Shi ya sa ramin yake sabo fil."

Wata 'yar koriyar fitila ta kama a jikin akwatin, sai fuskar kwamfutar ta yi haske. Lauya ta rufe baki da hannu biyu. Ni kuwa tsayawa na yi ina kallon motar nan da nake gogewa duk Jumma'a, ban taɓa sanin abin da ke cikinta ba.

Bakanike ya kafa mana sharaɗi. Kar a haɗa mata dutsen guga ko wani abu mai zafi, kwamfuta da waya da tocila kawai. In an ɗan jima ana ja, a tayar da injin ya mayar wa batirin abin da aka ɗiba, in ba haka ba zai sauka motar ta ƙi tashi. Ya leƙa allurar mai ya ce ya ɗan haura rabi, in an yi tattali zai kai mu.

Babbar ƙofar garejin a wangale take duk lokacin da yake aikin, kowa na wucewa yana leƙe.

Laraba, da La'asar

Labari ya zaga. Maman 'Yan Biyu ta fara zuwa da waya uku a bakin zani. Sai tela da tocilarsa, sai mai gadin makaranta, sai wata tsohuwa da ban ma san ta ba, da 'yar rediyonta, ta ce ɗanta yana aiki a wajen da abin ya faru, tana so ta ji labarai. Yaya, ta yaya zan ce mata a'a?

Na jera su a kujerar baya, na ɗaura wa kowace zare mai launi daban don kar a musanya. Kayan mutane ne.

Alhamis, da rana

Maza cike da bakin gareji, kowa yana jiran tasa, suna hira da ƙarfi kan abin da ba su gani ba. Lauya a kujerar direba cikin dogon hijabi, gumi har haɓa, tana karanta layi ɗaya sau goma. Ta ɗago ta dube ni. Kallon nan ya yi mini ciwo.

Allurar mai ta sauka.

Ba amsa. Babu wuta.

Jumma'a, bayan an sauko

Motar ta ƙi tashi. Lauya ta murɗa makulli, motar ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru. Na ce shi ke nan, na kashe wa Yaya mota.

Da ƙyar Bakanike ya aro wani batir ya haɗa ya tayar da ita. Ransa a ɓace.

"Hajiya, batir ɗaya ba zai ɗauki unguwa ba. Yanzu ma ya ji jiki. Ki zaɓa, ko jarrabawar yarinya ko wayoyin mutane."

Na ce bakina bai iya korar maƙwabci ba.

Ya ce, "To ƙofa ta iya. Ki rufe."

Lahadi, da hantsi

Na rufe. Duk wanda ya zo na ce masa an rufe gareji sai bayan jarrabawa. Gaskiya ce, ban ƙara komai a kai ba. Maman 'Yan Biyu ta tsaya da wayoyinta a hannu ta ce, "Ashe wutar ta 'yan boko ce. To Allah ya ba da sa'a, in ta zama alƙali kar ta ɗaure mu." Ta juya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma da aka tayar da injin ana ji har titi, sai ga sallama kuma. Ga tazarar da ke ƙarƙashin ƙofar, mutum in ya sunkuya yana hango ciki, na kama wani yana yi. Sai na ɗauko tsohon bargon marigayi baban Lauya na cusa a ƙarƙashin ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan, na danna da kyau. 'Yar tagar sama kuma na liƙe ta da kwali. Na fita titi na saurara, ba a jin komai sai in ka kasa kunne.

Lauya ta cire hijabi, ta miƙe ƙafa, ta kunna iskar motar. Ta ce, "Umma, yau na san ina karatu. Ke ce injiniyar gidan nan."

Na ji daɗi. Na rubuta don haka aka yi. Na ji daɗi.

Litinin, bayan Magariba

Lauya tana kukan ciwon kai, ta ce har da jiri. Na ba ta magani na ce yawan kallon haske ne, ta riƙa hutawa. Ta ce in ta fito tsakar gida yana sauka. Na ce to kin gani.

Talata, da yamma

Ciwon kai. Ta yi amai sau ɗaya. Na ce fargabar jarrabawa ce, na yi mata addu'a a ruwa.

Ba amsa.

Laraba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, da safe

Asibiti. Yau ce jarrabawar.

Alhamis, da La'asar

Ba ta farka ba. Sun sa mata wani abu a fuska, iska na shiga. Ina ƙirga tashin ƙirjinta da carbi.

Jumma'a, da hantsi

Zan rubuta, ko zan samu in daina gani.

Ranar Laraba bayan Azahar ta ce za ta yi bitar ƙarshe, za ta bar injin a kunne ya cika batirin sosai saboda gobe. Na gama abinci na kira ta daga kicin, ba ta amsa ba. Na ce bari in ƙyale ta, kar in katse mata. Na wanke kwanoni. Na kwashe shanya. Har na yi alwalar La'asar, sai na lura injin bai tsaya ba tun ɗazu, ita kuwa mai tattalin man nan ce fiye da ni.

Na buɗe ƙaramar ƙofar da ke shiga garejin ta kicin. Zafi ya buge ni, kaina ya juya. Goshinta a kan sitiyari, hannunta ɗaya a sake. Kwamfutar tana kujerar gefe tana haskenta, koriyar fitilar nan tana ci, kamar ba abin da ya faru.

Na kira sunanta na gaskiya, wanda ban cika kira ba. Na jijjiga ta. Na kasa ɗaga ta. Ban ma tuna a murɗa makulli a kashe injin ba. Na ruga babbar ƙofa na zare sakata na tura, ta ƙi, bargon ya cije ta. Ni na danna shi da kyau.

Ban san na iya ihu haka ba, Yaya. Ka san muryata.

Maman 'Yan Biyu ce ta fara amsawa. Ina jin ta ta bayan ƙofa tana dukan ƙarfen tana kiran maza da sunayen sana'arsu. Tela da Bakanike suka finciko ƙofar daga waje har sai da ƙarfen jikinta ya lanƙwashe. Maman 'Yan Biyu ta sungumi Lauya kamar jaririya, ta kwantar da ita a titi, ta cire mayafinta ta rufa mata gashi kafin ni in tuna.

Duk unguwar babu abin hawa ko ɗaya da ke da mai a ciki, sai motarka. Bakanike ya ja, tagogi a sauke. A ita aka kai ta. Wannan ma ban nemi izini ba.

Jumma'a, bayan La'asar

Likita ya ce hayaƙin salansa ne ya taru. Ya ce wanda ke kisa a cikinsa ba shi da launi ba shi da wari, mutum sai dai ya ji barci. Ya ce da an ƙara ɗan lokaci kaɗan, bai ƙarasa ba. Sai ya tambaya, "Wa ya toshe ƙofar?"

Na buɗe baki. Maman 'Yan Biyu ta take mini ƙafa.

Ta ce, "Likita, wannan tambayar allura ce ko ƙwaya? In ba ta cikin magani a bar ta."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ci gaba da rubutunsa.

Asabar, da asuba

Ta buɗe ido. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Asabar, da hantsi

Maganarta ta farko, "Umma, yau wace rana?"

Na so in ce ban sani ba. Na ce Asabar.

Ta daɗe tana kallon silin. Sai ta juya ta fuskanci bango. Ba ta yi kuka ba, ni ma na riƙe nawa har na fita baranda.

Litinin, da yamma

Bakanike ya zo dubiya, ya ƙi shiga ɗakin. Ya tsuguna a baranda, babban mutum da furfura, yana share ido da hular hannunsa.

"Hajiya, ni na ce ki rufe. Mutane nake nufi. Wallahi bai zo mini a rai ba in ce a buɗe in za a tayar. Kullum a fili nake aiki, ban taɓa tunanin abin ba."

Na ce masa ba shi da laifi. Ya ce to wa ke da shi.

Laraba

An sallame mu. Hannunta yana ɗan rawa in ta ɗauki kofi. Wani lokaci kalma takan ɓace mata a tsakiyar magana, Lauya guda, sai ta yi tsaki. Likita ya ce zai dawo a hankali.

Babu wuta. Ban bi ta wajen gareji ba. Na zagaya.

Alhamis, da Azahar

An kira ta daga makaranta a wayar Maman 'Yan Biyu. Saboda halin da garin ke ciki, an ware rana ɗaya ga waɗanda suka rasa jarrabawar, Litinin mai zuwa da safe. Rana ɗaya tak, bayanta babu wata.

Ta tashi zaune, idonta ya dawo irin na da. Ta ce, "Umma, ina makullin?"

Na ce yana nan.

"Ina?"

Na ce yana nan.

Jumma'a, da yamma

Na zaga neman wata hanya. Asibiti sun ce wutarsu ta masu numfashi ce, kuma gaskiyarsu. Mai shagon da yake da farantin sola mai cin rana a kan rufi ya rufe ya bar gari. Batirin da Bakanike ya aro ran nan mai shi ya karɓe abinsa. Na tambaye shi ko a ciro na motarka a kawo ɗaki, ba sai an tayar da injin ba. Ya ce tun saukar da ya yi ba ya riƙe wuta, zai yanke mata a tsakiyar rubutu. Dole injin ya yi aiki. Man da ya rage kuma, in ba a taɓa shi ba, zai kai ta ƙarshen jarrabawar da ƙyar.

Ya ce, "A fili, Hajiya. A tsakiyar titi. Iska ta kowane gefe."

Na ce sai na ji daga mai motar.

Asabar, da hantsi

Ta same ni a kan darduma.

"Umma, ba izinin Kawu kike jira ba."

"Me nake jira?"

"So kike ya ce a'a ki huta."

Na ce na taɓa kayan amana sau ɗaya ba da izini ba, ga abin da na gani.

"Ba amana ce ta shaƙe ni ba, Umma. Hayaƙi ne. Kin ji likita."

"Na ji."

"To a wane littafi aka ce in mutum ya..." Sai kalmar ta ɓace mata. Ta tsaya tana nema, tana murza yatsu. Da can da ta kai ni bango a nan. Ta ce, "Kin gani? Ko gardama na kasa. Ki bar ni in gwada tun da sauran abin a kaina."

Ta fita. Na zauna har ƙafata ta mutu.

Gaskiyarta, Yaya, tsoro nake ji. In na rufe ido goshinta nake gani a kan sitiyari. Amma ni ma ba ƙarya na yi ba. Motar taka ce, ga ƙofar garejin a lanƙwashe, ga batirinka na raunata, ga manka na ƙone, duk ba ka sani ba. Na kasa raba tsoron da amanar, sun cakuɗe mini.

Asabar, bayan La'asar

Na aika aka kira maƙwabta. Ba a kunna motar ba, da hannu aka turo ta, Bakanike yana riƙe da sitiyari ta taga, tela da mai gadi a baya, har tsohuwar nan mai rediyo ta sa hannu. Yanzu tana ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, ƙofofinta huɗu a buɗe. Mutanen layi sun yi alkawari ba wanda zai kawo ko waya ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta ce ranar Litinin za ta kafa kujera a gefe da muciya a hannu, duk namijin da ya tsaya kallo ya kuka da kansa.

Lauya tana zaune a bakin ƙofa tana kallon motar. Makullin yana ɗaure a bakin zanina.

An ce gobe Lahadi za ku fito gari. Lauya za ta ɗauki hoton takardun nan da wayar Maman 'Yan Biyu ta tura maka. In ka ce a tayar, da hannuna zan miƙa mata makullin, in zauna a kujerar baya har ta gama, abin da ta shaƙa in shaƙa. In ka ce a'a, ni zan faɗa mata, ba zan ɓoye a bayanka ba. In kuma gari ya waye Litinin ban ji daga gare ka ba, wallahi ban san abin da hannuna zai yi ba.

Kalma ɗaya ta isa, Yaya. Don Allah ka amsa mini da wuri.